Tayin Gwaggo

A Ƙofar Ruwa, bayan la'asar,
Tasi'u dillali ya zaga ta sau biyu,
ya ƙwanƙwasa bodi da bakin makulli,
ya ce, "Malam Sammani, tan nawa take ɗauka?"

A takarda tan ɗaya ne.
Sai dai Gwaggo ba ta yi boko ba.

Buhu goma sha takwas na taɓa jibga mata a Dawanau,
da 'yan dako biyu a sama, da akuyar wani,
ta durƙusa irin na raƙumi, ta yi nishi,
ta tashi.
Kwando arba'in na tumatir kafin kiran assalatu,
ta sauke su 'Yankaba, ko ɗaya bai tsiyaye ba.
Bulo, rodi, gawayi, injin niƙa,
gadon amarya har da madubinsa.

Ku tambayi hanyar da kwalta ta ƙi,
can bayan Gezawa, tsakiyar marka,
inda laka ke haɗiye taya har wuya.
Nan nake sa mata giyar ƙarfi,
ƙafa huɗu su kama ƙasa lokaci guda,
ta ratsa tana gunaguni,
mu wuce masu sheƙi suna jiran igiya.
Wasunsu mu muka ja.
Ba na jin ko ɗaya ya tuna lambarta.

Ba zan yi ƙarya a gaban ciniki ba:
na cuce ta.
Sifirin na baya sau biyar yana karyewa,
duk tabon waldar da ke ƙarƙashinta
hannun Ɗanliti ne, amma laifin nawa ne.
In mai kaya ya ce a ƙara biyu, sai in ƙara uku.
Tana shan mai kamar ba gobe.
Ƙofar hagu da igiya ake rufe ta.

Ga wani mai sayen ƙarfe ya matso,
yana lissafi da kilo, yana lumshe ido.
Shi nauyin jikinta yake tambaya.
Shekara goma sha tara ina bayan sitiyarin nan,
ban taɓa sanin nauyinta ba,
na abin da ta ɗauka kawai na sani.

Akwai kaya guda da ban faɗa wa Tasi'u ba.
Ranar Talata ce, bara war haka,
muka shimfiɗa tabarma a bayanta,
muka ɗora Alhaji Mato, mai ita,
daga Kurna zuwa makwancinsa.
Ko rabin buhu bai kai ba, ciwo ya cinye shi.
Ban taɓa jin sitiyari ya yi mini nauyi haka ba.

Yanzu ga Nafi'u, ɗan autansa,
ya jingina da ita yana latsa waya,
magada na jiran rabo.
Aka yi tayi.
Na ce "albarka" a cikin maƙogwaro,
don ba ni da bakin faɗa a fili.
Aka ɗan ƙara. Ya ce ya sallama.

Alhamdu lillahi, ba mai kilo ba ne ya samu.
Wani saurayi ne daga Minjibir, Hambali,
hannunsa da kanta, idonsa a kan taya.
Na ja shi gefe na ce,
"Da safe ka bar ta ta yi tari tukuna.
Ka duba ruwa. Buhu goma, in ta matsa sha biyu."
Ya ce to.
Irin "to" ɗin da ni ma na ce wa Alhaji.

Ta fita ta wajen masu gilas, bayanta wayam,
tana ɗan tsalle a ramuka.
Ba ta iya tafiya ba kaya ba.

Na tare adaidaita, na ce Rijiyar Lemo.
Yaron ya waigo ya ce, "Baba, akwai kaya?"