Dodon Jabbi

Uwarsu ta tafi suna Gidan Igwai,
ta bar mini su biyu, da kwanon fura, da kashedi:
"Kada wanda ya taɓa almakashi."
Rana ta hau rufin kwano ta zauna daram,
wuta ta ɗauke tun hantsi,
fanka ta yi cirko kamar mai jiran amsa.

Jabbi, shekara biyu da rabi,
kwana uku ke nan ba ya barci sai da fitila.
Wai akwai dodo bayan randa.
Ige ce ta tsegunta masa, Ige mai shekara huɗu,
wadda ta san komai, har abin da babu.

Na ce, to, tun da ya ƙi fitowa mu gaisa,
mu yi namu.

Na jawo takardar buhun siminti,
cikin waɗanda nakan kwaso daga Kalambaina,
na kakkaɓe ta, ta yi tari, ni ma na yi.
Ido biyu na huda da ɗan yatsa,
ku shaida, ban saɓa alkawari ba.
Ɗaya ya fi ɗaya girma.
Ige ta ce, "Baba, dodon ga harara shika yi."

Gawayin murhu ya zama gira.
Sauran kunun safe ya zama gam.
Tsohon matashi ya ba da gemu, bai ce uffan ba.
Ɓawon gyaɗa haƙora, guda bakwai;
na takwas Jabbi ya tauna, ya tofar,
ya yi mini kallon wanda aka cuta a ciniki.

Sai ya tsoma tafinsa cikin zoɓo
ya manna a kuncin dodo, ja wur, yatsu biyar,
sa'an nan a rigata,
sa'an nan a bango,
sa'an nan a bayan akuya da ta leƙo ba gayyata.
Ige ta liƙa marafan lemo biyu a gefe,
ta yanke hukunci: dodo mace ce,
kuma ba ta fita ba 'yan kunne.

Nan na yi wauta irin ta manya.
Na ɗora takardar a fuska, na ce, "Hooo!"
Ihun Jabbi sai da ya tashi tattabarun maƙwabta.
Ya ƙanƙame ƙafar Ige, ita ma tana rawa,
ita da ta san komai.

Na cire. Na durƙusa. Ban ce komai ba.
Ya dube ni, ya dubi takarda.
Ya zagaya bayanta a hankali, ya ga ba kowa.
Ya zura yatsa ta babban idon,
yatsan ya ɓullo, nasa ne, da jan zoɓo a kai.
Dariya ta kubce masa da sauran hawaye a kumatu.

Ya kifa ta a kansa, gemu sama, gira ƙasa,
ya nufi randa, taga-taga, yana karo da turmi.
Ya tsaya. Ya buga ƙafa. Ya ce, "Hita!"
Shiru.
Can sai ga kwaɗo, ɗan mitsitsi, jiƙe da sanyin gindin randa,
ya yi tsalle ɗaya, ya dube mu,
ya yi na biyu, ya bi magudana.

Da la'asar sakaliya uwarsu ta dawo.
Ta dubi bango, ta dubi akuya,
ta ɗaga matashin da ya rame.
Ta ce, "Mi ya hwaru gidan ga?"
Na ce, "Ba a taɓa almakashi ba."

Yanzu dare ya raba, fitila a kashe.
Jabbi na barci, dodo a hammata,
haƙori ɗaya ya faɗi, gemu ya karkace.
Ni kaɗai ke farke, da hasken waya,
ina korar tururuwa da suka ji ƙamshin kunu,
kada su cinye masa abin tsoronsa
kafin gari ya waye.