Inda Dutse Yake Tsagewa

A Ffestiniog ruwan sama ba ya sallama,
da shi ake kwana, da shi ake tashi.
Kakana Idwal na zaune bakin rumfa,
tsohon buhu a cinya, dutse jingine da gwiwa,
guduma a dama, cizal a hagu,
ni kuwa na tsuguna ina riƙe masa shayi.

Ya ce, Nesta, taɓa nan.
Na taɓa. Sanyi kamar hancin kare.
Ya ce, wannan da kike gani laka ce,
lakar gindin teku, mai laushin kunu,
ta kwanta sannu, shimfiɗa kan shimfiɗa,
tun ba a yi idon da zai ga kwanciyarta ba.

Sai ƙasa ta motsa kafaɗa.
Tudu ya tunkuyi tudu, laka na tsakani,
nauyi daga sama, zafi daga ƙasa,
wutar da ba harshe, ba hayaƙi.
Ba ta narke ba, in ji shi, riƙe wannan,
da ta narke da ta manta ko ita wace ce.
Dahuwa ta yi a tsaye cikin duhu,
kowace ƙwaya ta juya, ta lafe,
kamar masu fakewa ruwa a jikin bango.

Da an ƙara wuta, da ta yi ƙyalli kamar bayan kifi.
Da an daɗa, da ta yi zane baƙi da fari,
ta ƙi sauraron gudumar kowa.
Tamu dai nan aka sauke ta.

Ya nuna mini wani layi a karkace, dishi-dishi:
ga yadda ta kwanta tun fari.
Sannan ya kai cizal wani wuri dabam.
Ƙwas. Ƙwas.
Dutse ya buɗe biyu, sumul,
fuskar da rana ba ta taɓa gani ba.
Ba ya tsagewa ta inda ya kwanta, ya ce,
ta yadda aka matse shi yake tsagewa.

Sai tari ya ƙwace maganar.
Shekara arba'in da ɗaya yana shaƙar dutsen nan,
har ƙirjinsa ya koyi taurinsa.
Shayin ya huce a hannuna.

Yanzu sunansa na rubuce a kan irin dutsen,
bayan coci, kusa da katangar da tumaki ke haurawa.
Rufin ɗakina ma tsagarsa ce,
na san su, nasa sun fi na kowa siranta.
Daren jiya ruwa ya yi ta dukansu,
na fita na tara hannu a bakin indararo.
Ban ga komai ba sai ruwa,
amma na san yana ɗauke da ɗan abin da ya kankaro,
zai kai wa kogin Dwyryd,
kogi ya kai wa teku,
a can ya kwanta, sannu,
ba mai gaggawa.