Shagon Buga Suna a Agege

Shagona na bayan layin dogo,
taku uku ne faɗinsa, inji ɗaya, fanka mai tari.
In jirgi ya wuce sai tawada ta yi rawa a kwalba.
Ni ke buga takardar da ake manna wa kofi da bokiti
a raba wa mata ranar suna.

Jiya Zubairu ɗan canji ya shigo,
ya saki labule, ya rage murya
kamar mai ba ni ajiyar dala:
"Afnan. Kar kowa ya ji kafin Asabar.
Wata biyu uwar tana tono a waya,
duk faɗin Ikko babu mai shi."

Na ce madalla, Allah ya raya.
Ban ce masa daga Babbar Sallah zuwa yau
ita ce ta goma sha ɗaya ba.
Kwanan wata kawai na goge.
Ko furen gefe ban taɓa ba.

Suna ma yayi gare shi, kamar leshin Balogun:
wanda ka ɓoye a ƙasan akwati don ka fita daban,
ranar biki ka tarar rabin rumfa shi ta ɗaura.
Na ga shekarar Hanan, ta zo ta wuce.
Na ga damina biyu ta Ayman,
har na daina tambayar yadda ake rubuta shi.
Baba Wasiu mai buga kalanda a maƙwabta
ya ce su ma haka, wai nasu tsawo kawai ya fi.

Ranar rigakafi ka leƙa asibitin bakin kasuwa.
Nas ta ɗaga kati ta ce, "Afnan!"
mata biyar suka miƙe da goyo,
kowa na hararar zanin 'yar'uwarta.
Kafin wata uku unguwa ta raba gardama:
ga Afnan ta gidan mai shayi,
ga mai kukan asuba, ga mai cizo,
ga wadda ba ta barci sai janareta ya tashi.
Abin da liman bai raɗa ba, shi ya zauna.

Ni Anaruwa aka ce mini.
An haife ni rufin ɗaki na zuba a tasa,
ungozoma ta zo da zani a jiƙe.
Uwata Ajuji: huɗu aka binne kafin ita,
sai aka kwantar da ita kan shara
ko mutuwa ta raina ta, ta wuce.
Ta kuwa wuce, shekara saba'in da uku.

Ba zan yi ƙarya don in ci gardama ba:
a garinmu Anaruwa uku ne,
har wasiƙar wani an taɓa kawo mini.
Sai dai kowa da ruwan da ya sauko masa.
In ka tambaya, akwai mai ba ka labarin daren.

To, wa ya san me Zubairu ya ji
da ya fara furta shi a kunnen jinjira?
Randa ɗaya unguwa ke ɗiba,
amma ƙishin kowa a maƙogwaronsa yake.

Da dare na koma gida, wuta ta ɗauke.
Sa'ade na zaune a tabarma, ƙafa a kumbure,
wata takwas, tana fifita da murfin tukunya.
Ta jawo hannuna, ta duba ƙofa, ta duba taga:
"Na samo. Minal.
Rantse ba ka taɓa jin sa ba."

Uku ne a aljihun tebur, ɗaya ko kuɗin ba a cika ba.

Na ce madalla.
Na kwana ina tunanin wane fure zan zana
wanda ban taɓa sa wa kowa ba.