Bayan Katangar Gidan Namun Daji

Kafin a buɗe wa masu tikiti ƙofa
ni na riga na karya da wari.
A Toledo, can bayan katanga,
inda ba a kawo yara ɗaukar hoto,
nan ne ofishina:
tsibi bakwai, cebur ɗaya,
da tarakta mai tarin asuba.

Inna ta tambaye ni a waya, wane aiki kake yi?
Na ce, ina aiki da giwa.
Ban yi ƙarya ba.
Ban dai faɗi ta wane gefen ba.

Na san su ta baya, yadda likita bai sani ba.
Na giwa curi-curi, furar ƙattai.
Na karkanda da nauyi, sai ka yi nishi.
Raƙumin dawa kuwa, duk tsawon nan nasa,
'yan ƙwallaye ne kamar aduwa.
Na zaki ba ya shiga tsibinmu,
mai cin nama ne, ana gudun cuta.
A gaban gilashi shi ne sarki,
a nan ko gaisuwa ba ya samu.

Mu haɗa da ciyawar shimfiɗa,
da ragowar ganyen da aka yi wa yanga,
mu yayyafa ruwa, mu juya, mu bari.
Ran da dusar ƙanƙara ta rufe gari
tsibin na tururi kamar madambaci.
Terrence ya soka dogon ma'aunin zafi,
ya karanta, ya yi fito,
ya miƙa tafukansa yana jin ɗumi.
Wuta ba itace, ba hayaƙi.
Wa ya hura?

A Gwaram, Baffana kan ba Fulani dami
don shanunsu su kwana a gonarsa.
Ni na gudu daga mangala da jaki,
na yi karatu, na haye teku,
ga ni da cebur.
Abin da ka guda, shi ke riƙe maka ƙofa.

Wata shida, wari ya yi sallama.
Baƙi wuluk, laushi kamar garin kuka,
ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari.
Sai ga motoci sun yi layi har titi,
mutane da kuɗinsu a hannu,
suna sayen kashi, suna godiya.

Odessa Pruitt takan zo da bokiti biyu,
shekarunta tamanin ba ɗaya,
tumatir take shukawa a bayan ɗakin girki.
Bana ta tsaya, ba ta miƙo bokitin ba.
Ta ce, na ji labarin Clementine.

Clementine, tsohuwar raƙumar dawa,
mai lasar hulata ta saman shinge,
ta kwanta a watan Nuwamba, ba ta tashi ba.
Na nuna mata tsibi na huɗu.
Na ce, na ƙarshenta yana cikin wancan.

Ba ta ce komai ba.
Ta cire safar hannu,
ta tura yatsu cikinsa har wuyan hannu,
ta daɗe.
Na cika mata, na danna, na ƙara.

Ni ma na ɗebi rabin buhu.
A barandar bene na uku
na shuka kuɓewa a tsohuwar robar fenti,
irin da Inna ta ƙulle min a bakin zane.
Ƙasar Ohio ba ta taɓa yi mata fara'a ba,
shekara uku tana fitowa a tsugune.

Bana ta wuce ƙarfen baranda.
Ta wuce kaina.
Jiya da yamma na same ta ta miƙa wuya
tana leƙen tagar maƙwabta,
ganye ɗaya na taɓa min hula.