Harafin da Ya Ɓace

Ranar Talata, aji huɗu, Tudun Wada,
fanka ta mutu tun zangon bara,
Sahura ta ɗaga hannu daga bencin baya:
"Malam, me Bature ke kiran mutumin
da in ka kawo masa hujja, sai ya sauko?"

Na ce kalmomin suna da yawa.
Na ɗauki alli na jera su.
Ɗaya ta ce kai ne da aka bar ƙofarsa a buɗe.
Ɗaya ta ce ɗanyen reshe ne, ya lanƙwasa bai karye ba.
Ta ukun kuwa, na ce ku yi hattara da ita,
maƙwabciyar wawa ce,
wanda za a sayar wa gishiri da sunan sukari.
Tsakanin mai jin magana da mai haɗiye kowace magana
katangar ba ta kai gwiwa ba.

Suka kwafa. Kaina ya kumbura.

Sai ta sake ɗaga hannu.
"Malam, ta biyun nan, harafi ɗaya ya ɓace."
Na ce shekara goma sha tara ina rubuta ta haka.
Ta ce ba haka take a ƙamus ɗin yayanta ba.
Na ce ƙamus ɗin yayan naki bugun wace kasuwa ne?
Aji ya fashe da dariya. Ta zauna.
Aka kaɗa ƙararrawa.

A hanyar Ƙofar Doka
na tuna Baba Ɗanjuma magini,
wanda ko zo in kashe ka bai sani da Turanci ba.
Ran da yaronsa ya ce katangar nan ta karkace,
bai tambayi shekarun yaron ba.
Ya sako igiya da dutse, ya rufe ido ɗaya,
ya ce a rushe.
Bulo arba'in, gumin yini guda.

Bayan isha'i na buɗe nawa ƙamus ɗin mai yagaggen bango.
Ga harafin nan zaune,
bai ko yi fushi ba.

Laraba na yi sammako.
Ba a goge allon ba.
Na tsaya da alli a hannu har ajin ya cika,
na ce Sahura, zo ki sa shi da kanki.
Wurin ya matse.
Sai da ta goge rabin rubutuna
kafin ya samu wurin zama.