Hannun da Ke Jira

A bakin ruwan Yawuri nake wuni yanzu,
inda jiragen katako ke sauke mutanen tsibiri.
Aikina ɗaya ne, in miƙa hannu.
Tsohuwa ta riƙe ta taka tudu,
mai buhun shinkafa ya dafa ya wuce bai dube ni ba.
Wani ya ba ni hamsin, wata ƙosai biyu,
wani "sannu Baba" kawai, ita ma ina karɓa.

Yaran tasha Baba Gwiwa suke ce mini,
don sai na lallashe ta kafin ta yarda in tashi.
Ba su san an taɓa manna fuskata a bangon Ikko ba:
Arzika da Hantsi, Tsawa da Walƙiya,
jan wando, takalmi mai igiya har ƙwauri.

A rairayin kaka muka fara, kokawar gero da goro,
har wani mai farar mota ya tsaya ya ce
a Kurmi akwai fage mai igiya uku,
biyu da biyu ake yi,
ɗaya a ciki, ɗaya a kusurwa yana jira,
ba ka shiga sai tafin ɗan'uwanka ya taɓa naka.
Muka yi dariya. Wace kokawa ce da sallama?
Muka hau bayan motar albasa.

Shekara goma sha ɗaya.
Badun, Anaca, Fatakwal, ɗaki ɗaya, bokiti ɗaya.
Tun a bayan labule ake gaya mana wanda zai faɗi,
amma ba wanda ya gaya wa ƙashi cewa wasa ne.
Na san numfashin Hantsi fiye da na matata.
In ya fara jan ƙafar hagu, na san saura ƙiris,
hannuna na kan igiya kafin ya juyo.

Sai dare guda.
Mai farar mota ya raɗa mini: "Bar shi ya ɗan jigata,
jama'a na son ganin mai rarrafe."
Hantsi ya rarrafo, idonsa a kaina.
Na janye hannu.
Taƙi ɗaya tak, ko ɗani bai kai ba.
Ƙaton nan ya jawo shi baya ya zauna masa a ƙugu,
na ji ƙarar daga inda nake, kamar an taka kara.
Mutane suka yi ta tafi.

Bai taɓa tayar da maganar ba.
Ya koma Shanga da sanda, yana auna kananzir a kwalba.
In na je sai ya sa a dama fura,
mu yi hirar kifi da tsadar taki.
Sau nawa bakina ya buɗe,
sai ya ce, "Sha, za ta tsinke."

Kambun da muka ci, mai motar ya tafi da shi.
Hoto ɗaya ya rage a ƙasan adaka,
gara ta cinye gefena, ta bar nasa.
Ban ga laifinta ba.

Bara da damina aka binne shi, ruwa ya hana ni zuwa.
Ran kasuwa 'yarsa Ige ta sauko daga jirgin La'asar
da ƙyallen da yake ɗaurewa a wuyan hannu,
ja ne a da, yanzu kalar ƙasa.
"Ya ce a ba ka. Ya ce ka san abin da za ka yi."

Ban sani ba, wallahi.
Na dai ɗaura shi a dama.
Ga wani jirgi can yana kashe inji,
gwiwa ta ce a'a, na ce tashi.
Tun kafin ya taɓa gaɓa
hannun ya riga ya fita.