Matakala Ɗari da Arba'in da Bakwai

Ƙarfe huɗu da rabi waya ta yi ƙara.
Ina kwance rigingine, ƙafa bisa bango,
Valparaíso na gangara da launukanta zuwa teku,
ni ko labule ban ɗaga ba.
"Amaru, tashi ka taka. Minti goma ya isa."
Na goge.
Gobe ma ya zo, jibi ma ya zo,
kamar mai bin bashi da ya gane ƙofar gida.

A asibitin unguwa suka karɓi lambata,
ranar da na hau sikeli
kakata Eduvigis ta kama baki.
Na ce ai na'ura ce ke aikowa,
na'ura ba ta san nauyin cinya ba,
ba ta san dariyar 'yan aji ba
in tumbi ya riga mutum shiga fili.

Ran Laraba saƙo ya zo da tuntuɓe:
"Amaru, tahsi ka taka."
Yaushe na'ura ta fara tuntuɓen harafi?
Na rubuta da tsiwa: "Kai fa? Kana bisa kujera."
Shiru.
Tsuntsun teku ya yi kuka sau biyu,
sai ga amsa:
"Mace ce. Ina matakala ta sittin, ƙasan gidanku.
Gwiwa ta ƙi. Leƙo."

Na ɗaga labule.
Ga Fresia, nas ɗin nan mai furfura,
hannu ɗaya ya damƙe ƙarfen gefe,
ɗayan na lalubar haruffa,
karen unguwa mai kunne guda
ya zauna a gaba yana jiranta.

Kunya ce ta ɗaura mini takalmi.
Sauka ba aiki ba ce, ko tulu ya iya gangara.
Hawan ne.
A ta tamanin ƙirjina ya zama zugazugi,
a ta ɗari na tsani teku da jiragensa,
na tsani wanda ya kafa gari a kan tudu.
Ita tana ƙirge da baki, ni ina ƙirge da haki,
kare ya je ya dawo, ya je ya dawo,
kamar mai yi mana gori.

A sama muka zube, babu mai magana.
Can ta ce, "Ku arba'in da uku nake aika wa.
Kai ne na farko da ya yi mini rashin kunya.
Na ji daɗi."

Wata biyar ke nan.
Tumbin na nan, sai dai yanzu tare muke isa fili.
Na san matakalar da ta tsage,
na san wadda aka zana wa kifi shuɗi,
na san gidan da ake soya albasa da la'asar.

Yau huɗu da rabi ta wuce, waya shiru.
An yi mata aikin gwiwa, in ji kakata,
tana kwance, ta ƙi sandar da aka ba ta.
Na tsaya a ta sittin, gumi na shiga ido,
na rubuta da babban yatsa,
ban gyara ba:
"Fresia, tahsi ki taka.
Taku goma ya isa."